Oto ko manuwal: yadda nake gaya wa kyamara irin lens ɗin da na ɗaura mata

Bara waccan da hunturu, a wajen wani kamu a Kano, na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Sony A7 II ce a hannuna, wadda na saya ta hannu. Da la'asar, lokacin da za a fito da amarya tsakar gida, na ɗaura mata wani tsohon Takumar mai milimita 135, wato lambar da ke nuna ƙarfin zuƙowar lens, irin lens ɗin nan na zamanin fim da babu lantarki a jikinsa ko kaɗan, ƙarfe ne da gilashi kawai. Na shiga menu na rubuta wa kyamara 135 domin na'urar hana rawar hannu ta san da wa take aiki. Hotuna suka fito tas, har zanen lallen da ke yatsun amarya kana iya bi da ido. Bayan magariba aka koma falo, wuri ya matse, ƙawaye ko'ina, sai na cire wancan na ɗaura wani tsohon mai milimita 28. Lambar da ke cikin menu kuwa na bar ta yadda take.

A ɗan allon bayan kyamara ban ga wani aibu ba. Sai da na juye su a kwamfuta da daddare na ga kusan rabin hotunan falo sun yi dishi-dishi, kamar a kan babur na ɗauka. Bidiyon ya fi muni, bango yana ta kaɗawa kamar ruwa a faranti. Washegari yayar amarya ta kira ni: "Malam mai hoto, don Allah fara turo mana na falon nan, su Hajiya ke son gani." Na ce to Anti, in sha Allahu, ina zufa.

Abin da ya faru bai da wuyar fahimta. Kyamarar tana hana rawa ne ta hanyar motsa sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai, kuma yawan motsin ya danganta da milimitar lens. Ni na ce mata 135, alhali 28 ke bakinta. Duk ɗan motsin da hannuna ya yi sai ta rama da kusan ninki biyar na abin da ake bukata. Maganin rawa shi ya zama rawar.

Kyamara ba ta ganin lens, gaya mata ake yi

Cire lens ɗin zamani ka dubi gindinsa, za ka ga wasu ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare a jere. Akwai 'yan uwansu a bakin kyamara. Da ka murɗa lens ya ce ƙas, sai su haɗu, lens ya faɗi sunansa, da milimitarsa, da iyakar buɗewar ƙofar haskensa, wani ma har da nisan abin da aka saita ido a kai. Canon ta koma wannan tsari gaba ɗaya tun 1987 da ta fito da bakin EF, sauran kamfanoni ma kowa da nasa. Wannan shi ne oto. Ba wani tunani kyamara ke yi ba, sauraro take yi.

Da wannan bayani take aiki da yawa da ba ka lura. Da shi take hana rawar hannu. Da shi take share duhun da ke taruwa a kusurwoyin hoto, ta miƙar da layin da lens ya lanƙwasa. In ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a oto, da milimitar take yanke mafi ƙarancin saurin ɗauka. Filashar da ke kai ma da ita take sanin faɗin wurin da za ta haska. Sannan ta rubuta komai cikin bayanan hoto, inda Lightroom, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, zai karanta ya ɗauko gyaran da ya dace da lens ɗin.

Ni a wurina lens iri uku ne. Akwai mai magana, akwai bebe, akwai maƙaryaci. Mai magana ka bar shi a oto, ka da ka sa masa hannu. Na sha ganin yara masu koyon aiki suna ɗauka cewa manuwal ita ce alamar gwaninta, kamar direban da ke raina mota oto. A nan babu wannan. Lens mai zuƙowa, misali 24 zuwa 105, yana sanar da kyamara duk inda ka murɗa shi a take, kai kuwa ba za ka iya binsa da rubutu ba.

In mai magana ya yi shiru

Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gaba. Da hunturu ya kama, ka je hawan Sallah ko ka yi yini a filin ɗaurin aure, sai kawai Canon ta nuna maka Err 01, ko Nikon ta nuna F da layi biyu a gabanta. Ma'anarsa magana ta yanke tsakanin lens da kyamara. Kafin ka ruga wajen mai gyara, kashe kyamarar, cire lens, ka goge ƙarafan nan na ɓangarorin biyu da busasshen ƙyalle mai laushi, bakin kyamara yana kallon ƙasa don ƙura ta faɗi waje. In akwai maiƙo, ɗan ɗigon sifirit a jikin ƙyallen ya isa. Ban da kankara da reza ko tsinke, ruwan zinaren siriri ne. Mayar da lens ɗin, ka tabbata ka ji ƙas ɗin. Sau da yawa ma ba datti ba ne, murɗawar ce ba ta kai ƙarshe ba.

Masu Nikon akwai wata da ke tsorata sababbi: FEE. Yarona ya taɓa kirana a firgice daga wajen suna, "Oga, kyamara ta mutu, ta ƙi ɗauka." Lens ɗin 50 na AF-D ne, mai zoben ƙofar haske a gindi, zoben ya goce. Na ce ya murɗa shi zuwa lamba mafi girma, f/22, ya tura ɗan makullin da ke gefe. Shi ke nan, kyamara ta farfaɗo.

Akwai kuma inda oto ke yanke hukunci a madadinka ba tare da ka sani ba. In ka ɗaura lens ɗin DX, wato wanda aka yi don ƙaramar sensa, a kan Nikon mai cikakkiyar sensa kamar D750, Auto DX crop zai sa ta ɗauki tsakiya kawai, megafiksel 24 ya koma wajen 10. Sony ma haka take yi da saitin APS-C/Super 35mm in yana kan Auto. Ga hoton da za a tura WhatsApp babu laifi. Ga wanda za a wanke babba a rataya a falo, ka sani tun kafin ka danna.

Yadda ake yi da bebe

Bebe shi ne duk lens ɗin da ba shi da ƙarafan nan: tsofaffin Takumar, Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet mai milimita 58, Nikkor na da, da sababbi masu araha irin wasu na 7Artisans da TTArtisan da Samyang. Matakin farko shi ne ka shawo kan kyamara ta yarda ta ɗauka, domin a wurinta babu komai a bakinta. A Sony nemi Release w/o Lens ka sa Enable. A Fujifilm sunansa Shoot Without Lens. A Canon marasa madubi, su R da M, yana cikin Custom Functions da sunan Release shutter w/o lens. Canon masu madubi irin su 600D da 5D ba sa ma tambaya, F00 kawai za su nuna su ci gaba da aiki. Ka tsaya a Av, inda kai ke zaɓar buɗewar ƙofar haske, ko M, inda kake saita komai da hannu, ka murɗa ƙofar haske a jikin lens.

Mataki na biyu shi ne gabatar da shi. A A7 II ɗina ina shiga SteadyShot Settings, in mayar da SteadyShot Adjust zuwa Manual, in zaɓi milimita. Lambar nan hana rawa kawai take yi wa aiki, kuma ko da ita, bebe ba ya samun cikakken gyara na fuska biyar da ake tallar kyamarar da shi, uku yake samu, saboda sauran biyun na bukatar sanin nisan abin da ake ɗauka. Ukun ma sun wadatar. A Fujifilm wurin shi ne Mount Adaptor Setting, akwai gurbi shida da za ka ajiye lens-lens ɗinka. A Canon R5 da R6, da zarar bebe ne a baki, wurin rubuta milimita zai bayyana a cikin saitin IS, wato na hana rawa. Canon R da RP ba su da hana rawa a jiki, don haka babu abin rubutawa.

Nikon ta fi kowa tsari a nan, a ganina. Cikin Setup Menu akwai Non-CPU lens data. Ka ba lens lamba, ka rubuta milimitarsa da iyakar buɗewarsa, misali 105 da f/2.5. D7000, D7200, D610, D750 duk suna ɗaukar guda tara. Bayan haka in ka murɗa zobe, kyamara za ta nuna maka ainihin f ɗin da kake kai, ta auna haske daidai a A ko M, ta kuma rubuta shi cikin hoto. Sirrin wani ɗan ƙaramin harshe ne da ke zagaye bakin kyamarar, wanda zoben lens ke turawa. Ƙananan Nikon irin su D3200 da D5300 ba su da harshen nan, haka ma D7500. A kansu tsohon lens zai hau, amma sai a M, kuma babu awon haske, da ido da gwaji za ka yi. Gargaɗi ɗaya: Nikkor da aka ƙera kafin 1977, wanda ba a yi masa yankan AI ba, wato yankan gindin zobe da ke tura harshen, ka da ka tilasta shi a kan kyamara mai harshen nan, zai iya lanƙwasa shi ko ya karya.

Pentax da Panasonic masu hana rawa a jiki, irin GH5 da masu bidiyo ke riƙewa, suna da wata ɗabi'a da na so a ce kowa na da ita: da ka kunna da bebe a baki, sai su tambaye ka milimita. Da Sony ɗina na yin haka, da ban sha kunyar kamun nan ba.

Wace lamba za ka rubuta

A nan mutane suka fi faɗawa rami, har da waɗanda suka daɗe a sana'a. Lambar da ke rubuce a jikin lens ita za ka rubuta, ko da wace irin kyamara ce. Na san an koya mana cewa 50 a kan ƙaramar sensa kamar 75 yake, a kan Panasonic ko Olympus kuma kamar 100. Wannan zancen faɗin abin da ido ke gani ne. Gilashin bai canza ba, 50 ne, kuma kyamara ta san girman sensarta ba sai ka taya ta lissafi ba. Ka rubuta 100, ka ninka mata gyaran, hana rawar ya tashi a banza.

Inda lamba ke canzawa da gaske shi ne in ka sa wani gilashi a tsakani. Adafta mai tattara haske, wadda ke rubuce da 0.71, tana mayar da 50 ya koma wajen 35, to 35 za ka rubuta. Mai ninka nisa sau biyu kuma tana mayar da 135 ya zama 270. Adafta marar gilashi, zoben ƙarfe kawai, ba ta canza komai.

In lambarka ba ta cikin jerin da kyamara ta bayar, ɗauki mafi kusa. Don hana rawa ni na fi son ta ƙasa: in babu 58 na Helios sai in ɗauki 55. Dalilina shi ne lambar da ta gaza tana rage gyara ne kawai, ka samu wani abu ko ba duka ba. Lambar da ta zarce kuwa ita ke ƙirƙiro rawar da babu. Wannan dalilin ne ya sa in na ɗaura tsohon mai zuƙowa, 70 zuwa 210, nake rubuta 70 in bar shi. In aikin bidiyo ne sai in kashe hana rawar gaba ɗaya in kafa ƙafa uku.

Ka gwada da kanka, ba ya cin minti goma. Manna kalanda a bango, ka ja baya, ka sa saurin ɗauka a 1/15. Ɗauki goma da lambar daidai, goma da hana rawa a kashe, goma da lambar da ta ninka gaskiya sau uku. Buɗe su a kwamfuta ka zuƙo kan ƙananan rubutun. Na ƙarshen nan za su fi na kashe lalacewa, kuma daga ranar ba sai an sake yi maka wa'azi ba.

Maƙaryaci

Wannan ya fi bebe haɗari, don bebe ka san bebe ne. Akwai adafta masu araha na M42, wato gindin murɗawa irin na Takumar da Helios, zuwa Canon da ake manna wa ɗan guntun lantarki a gindi. Amfaninsa kyamara ta yi ƙara in ido ya saitu. Amma da yawansu abu ɗaya suka iya faɗa, misali 50 f/1.4, ko wane lens ka ɗaura. Duk hotunanka za su fito da wannan suna. Sannan in ka juya f a jikin kyamara zuwa 8, za ta ɗauka ita ce za ta tsuke ƙofar lokacin ɗauka, ta ƙara lokaci, hoto ya ƙone fari fat. Bar ta a lambar da guntun ya faɗa, ka yi tsukewarka a zoben lens. In kuma ka ɗora irin wannan adafta a kan kyamara marar madubi, hana rawa zai gaskata 50 ɗin nan. Ni tawa ɗan selotef na liƙa a kan ƙarafan, na mayar da ita bebiya, muka zauna lafiya.

Wasu lens na kamfanonin waje ma, musamman tsofaffin Sigma da Tamron, kan ari sunan wani lens na Canon don kyamara ta karɓe su. Sai ta yi musu gyaran kusurwa na wanda suka ari sunansa, ka ga wasu zobba ko haske marar dalili a gefen hoto. Littafin kyamarar Canon da kansa yana ba da shawarar a kashe gyaran in lens ba nata ba ne, ko da ta nuna tana da bayaninsa. Kashe shi a Lens aberration correction, ka zaɓi sunan lens na gaskiya da hannunka a Lightroom.

Tun da ana zancen adafta, kafin ka sayi tsohon lens a gwanjo ka san tazarar da ke tsakanin baki da sensa. Ta Nikon F milimita 46.5 ce, ta M42 kusan 45.5, ta Canon EF 44, ta Sony E 18. Lens na hawa lafiya ne a kan kyamarar da tazararta ta fi tasa gajarta. Shi ya sa Helios ke aiki a Canon da Sony, amma a Nikon mai madubi ba ya kama abu mai nisa sai da adafta mai gilashi, wadda ke rage kyan hoto. Babu saitin menu da ke gyara wannan.

Abin da na gani a Leica

Kyamarar da ta rubuta zancen nan ɓaro-ɓaro a menu ita ce Leica M ta Jamus: Lens Detection, sannan Off, Auto, Manual. Na riƙe ta sau ɗaya, ta wani baƙo mai ɗaukar hoto da na raka kallon hawan Daushe. Lens ɗinta babu lantarki ko kaɗan. Abin da kamfanin ya yi a 2006, da fitowar M8, shi ne ya sa ɗigo shida baƙi da fari a gindin lens, kyamara ta karanta su da wasu ƙananan idanu a bakinta. Ɗigo shida na ba da lamba 64. A M9 ta 2009 aka ƙara damar zaɓen lens da hannu daga jeri, saboda masu tsofaffin da ba su da ɗigo.

Ba don ado suka yi ba. Gindin lens ɗin M na kusa da sensa ƙwarai, don haka a masu faɗi, 35 zuwa ƙasa, haske na sauka a gefe a karkace, kusurwa ta yi duhu, launi ya juya, wani gefen ya yi ja-ja. Sai kyamara ta san lens ɗin kafin ta gyara. Mutumin ya nuna mini wani Voigtländer nasa da ya yi wa ɗigo da baƙar maka, don kyamara ta ɗauke shi a matsayin wani Leica mai kama da shi. Wato maƙaryaci ne shi ma, amma wanda mai shi ya koya wa ƙaryar da gangan. Ya ce yadda yake tantancewa shi ne ya ɗauki farin bango da zaɓi biyu ko uku, ya ga wanne ya bar kusurwa fara. Na karɓi dabarar. Yanzu duk sabon lens da ya shigo hannuna, farar shadda nake shimfiɗawa a inuwa in ɗauka da gyara a kunne da kuma a kashe.

Yadda nake yi yanzu a wajen biki

Na ɗora zaɓen milimita a kan maɓalli guda a bayan kyamara, don kar sai na nutse cikin menu mutane na jirana. A Sony ana iya sa shi a maɓallan C ko a Fn; a Nikon akwai Choose non-CPU lens number da za ka ba maɓallin Fn, ka danna ka juya dayal. Kowane bebe na liƙa masa farin selotef a murfin baya da lambarsa da manyan baƙaƙe, domin murfin shi ne abu na ƙarshe da ke hannuna in na canza. Tsarin kuwa ɗaya ne kullum: kashe, cire, ɗaura, kunna, lamba, sannan in ɗaga kai in dubi mutane. In na koma kan lens mai magana, da hannuna nake mayar da saitin Auto, ba na jiran kyamara ta yi mini.

In biki ya yi zafi, irin lokacin liƙi da ba ka da sakan biyu, ba na canza bebe da bebe sam. Guda nake bari a kan Sony tun daga farko, yawanci 58 ɗin nan, sauran aikin kuma yarona ya yi shi da Nikon da lens ɗinta na oto.